Katifa da kujerar kishingiɗa don Baba: wace iri zan saya a Kumasi?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin nan da gaske ya taimaka mini.

Mahaifina ya haura shekara saba'in. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Paga, wani lokaci har Wagadugu. Ya bar tuƙi tuni, amma ciwon kwankwaso bai bar shi ba. Muna zaune a gidanmu na gado a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ɗakinsa na kusa da ƙofar shiga. Makon jiya na je gaishe shi bayan asuba, sai na tarar da shi kwance a ƙasa, ya shimfiɗa bargo a kan tabarma. Da na matsa da tambaya ya ce ai ya fi wata biyu a nan yake kwana. Na yaye zanin gado na duba. Tsakiyar katifar ta lotsa kamar akushi, da na danna da tafin hannu sai da na ji katakon gadon. Ni na saya masa ita shekara biyu da rabi da suka wuce, a wani shago na bakin titi. Inci 10 ce, rigarta mai fulawa tana ƙyalli, mai shagon ya rantse mini ta kamfani ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai taɓa faɗa ba, wai don kada in ga kamar kuɗina sun tafi a banza.

Sai maganar zama. Daga la'asar zuwa magariba a ƙofar gida yake, a kan farar kujerar roba, da carbinsa da rediyonsa. In zai tashi sai ya dafa bango. Kushin ɗin da ke falo kuwa ya daina zama a kai, don in ya nutse a ciki sai an kama hannunsa.

Na kwashi adashi wannan watan, sidi 4,000 ne a hannuna (Baba zai ce miliyan arba'in, har yau da tsohon lissafi yake ƙirga kuɗi). Ina so in saya masa katifa ta ƙwarai da kujerar da zai riƙa kishingiɗa a kai. Shin wadda ake kira otofedik, wato ta masu ciwon baya, zan saya? Yaya ake gane soso mai kyau tunda yana cikin riga? Kujerar kuma, ta shago ko in ba kafinta? Niyyata in kawo kayan kawai ya gani a ɗaki, ba tare da ya sani ba.

Makanike a Suame:

Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri a kan kula da tsoho. Kar ka wahalar da kanka, ka sayi otofedik mafi tauri da ka samu. Ni ma ciwon baya gare ni saboda kwanciya a ƙarƙashin mota, tun da na koma mai tauri na ji dama. Ai ka ga shi da kansa ya koma ƙasa, jikinsa ne ke gaya maka tauri yake so. Ka je depo na kamfanin katifa na Ashfoam ko Latex Foam, kar ka sake saye a bakin titi, kuma ka karɓi rasit.

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:

Yaya na Suame, maganar depo da rasit na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma ta "mafi tauri" ban yarda ba, ka yi haƙuri. Baba bai koma ƙasa don yana son tauri ba. Ya gudu ne daga rami. Duk wanda ya kwana a katifar da ta lotsa, ƙugunsa na faɗawa ƙasa, ƙashin bayansa ya kwana a lanƙwashe, to daɓe ma ya fi masa. Wannan ba ya nufin daɓe ne maganinsa.

Kai da kake da ƙarfi da tsoka, katifa mai tauri ba za ta dame ka ba. Tsoho kuwa naman jikinsa ya ragu, ƙasusuwan kafaɗa da na ƙugu sun fito. In ya kwanta ta gefen dama, kamar yadda yawancin iyayenmu ke kwanciya, nauyinsa duka a kan wurare biyun nan yake. Idan katifar ba ta ɗan ba da wuri ba, hannu zai yi ta mutuwa, ya kwana yana juyi, ya tashi da ciwon kafaɗa a kan na baya. An taɓa gwada wannan a ƙasar Sifen, aka buga sakamakon a 2003. Mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso aka raba wa katifu, wasu masu tauri, wasu masu matsakaicin tauri. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan matsakaiciya su suka fi samun sauƙi.

Ɗan'uwa mai tambaya, ga abin da za ka duba in ya kwanta a kai. Ya kwanta ta gefe, kai kuma ka tsuguna ta bayansa ka kalli ƙashin bayan tun daga wuya har ƙugu. Ya kamata ya tafi a miƙe. In ƙugu ya nutse, ta yi laushi. In kuma ka ga fili tsakanin kwiɓinsa da katifar, ta yi tauri. Sannan ya kwanta rigingine ka zura hannu a ƙarƙashin kwankwasonsa. In hannun ya shige ba tare da ya taɓa komai ba, tauri ya yi yawa. Ya yi kamar minti goma a kwance, ba ya zauna a baki ya danna da hannu ya tashi ba. Ka lura na ce shi zai kwanta. Ba kai ba, ba mai shago ba. Shi ya sa shirin nan naka na kawo kaya ba da saninsa ba, ina ganin ka ajiye shi.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi katifar muhimmanci. Ka tambaye shi a keɓe ko ciwon na sauka har ƙafa, ko ƙafar na mutuwa ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari na kufce masa ko yana ƙin fita, ko yana ramewa ba dalili. In akwai ko ɗaya daga ciki, ka kai shi asibiti kafin ka je kasuwa. A asibitin Komfo Anokye akwai sashen gashin ƙashi da motsa jiki. Dattawanmu ba sa faɗin irin waɗannan sai an tambaya, wanda ya ɓoye maganar katifa wata biyu zai iya ɓoye wadda ta fi ta.

Tsohon yaron shagon katifa, Alabar:

Shekara shida na yi ina ɗaukar katifa a ka, bari in gaya maka abin da ya faru da wadda ka saya. Kauri ya ruɗe ka. Inci 10 na soso mara nauyi ba ya kai inci 6 na soso mai nauyi daɗewa. Abin da ake tambaya shi ne densiti, wato nauyin sosan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Soso mai arha yana wajen kilo 16 zuwa 18, yawancinsa iska ce, da ya sha nauyi da zafin jiki sai ƙananan ramukan cikinsa su karye, ba ya sake tasowa. Wanda ake kira hai densiti yana kamawa daga wajen kilo 28 ko 30 zuwa sama.

Ga lissafi mai sauƙi. Katifa mai tsawon ƙafa 6, faɗin ƙafa 4 da rabi, kaurin inci 8, kusan rabin akwatin nan ce. Don haka in an ce maka densiti 30 ce, ya kamata ta kai kilo 15 a sikeli, ban da riga. In ka ɗaga ka ji ta kamar filo, kilo 8 ko 9, to ka san maganar. Ka ɗaga kusurwa ɗaya na katifu biyu masu girma ɗaya, hannunka zai gaya maka.

Sai dai nauyi ma ana yi masa ha'inci. Akwai masu zuba hodar farin dutse a cikin haɗin don ta yi nauyi da tauri a shago, wata shida ta fara marmashewa. Akwai kuma masu yanka soso mai kyau siriri su manna sama da ƙasa, tsakiya tarkace, su ɗinka riga mai kama da ta kamfani. Saboda haka ka durƙusa a kai da gwiwa ɗaya, da duk nauyinka, a tsakiya da kuma baki. Kada ka ji ƙasa. In ka tashi, wurin ya ciko nan take. Ka nemi katin garanti mai hatimi da kwanan wata, ka ajiye shi tare da rasit. Latex Foam tun 1969 suke aiki a ƙasar nan, Ashfoam tun 1978, dukansu suna da wuraren sayarwa nasu a Kumasi, kuma kowannensu na da mai arha da mai tsada. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, ka tambayi wane aji ne.

Ka kuma gane cewa nauyi daban, tauri daban. Ana samun soso mai nauyi kuma mai ɗan laushi, shi ne abin da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ke nufi. Otofedik da yawa a kasuwarmu gutsattsarin soso ne aka haɗa da gam aka matse, shi ya sa take da nauyi da tauri kamar katako. Tana daɗewa ƙwarai. In ita za ka ɗauka, ka nemi wadda aka ɗora wa soso mai laushi inci 2 ko 3 a sama. Sosan nan na waje da ke riƙe shatin jiki yana da daɗin kwanciya, amma yana riƙe zafi. A watan Maris, ɗaki mai rufin kwano, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, tsoho ba zai gode maka ba.

Ta gwanjo kuwa kar ka ko kalle ta, komai kyanta. Tun 1994 doka ta hana shigo da katifun da aka yi amfani da su, kuma kuɗin cizo in ya shiga gidan da ke da ɗakuna da yawa, fitar da shi sai an sha wuya.

Kafinta a Sokoban:

Salamu alaikum. Ni ta fannin katako zan yi magana. Muna Anloga da, aka dawo da mu nan lokacin aikin titi.

Kafin ka sayi komai, ka ɗage tsohuwar katifar ka dubi gadon. Sau da yawa ana zagin katifa alhali laifin gado ne. In katakan da ke kwance a ƙasa guda huɗu ne ko biyar, da tazara kamar taki guda, ko wace irin katifa ka ɗora sai ta bi ramin. Tazarar kada ta wuce inci 3, kamar yatsu huɗu. In gadon mai faɗi ne a sa masa gungume a tsakiya da ƙafa. Wasu na shimfiɗa falanki guda ba huda, wannan kuma yana hana iska, da damina sai ka ga ƙasan katifa ya yi fumfuna. Ka auna cikin gadon da tef ka rubuta a takarda, kar ka dogara da "dobul" ko "kwin", domin gadon da kafinta ya yi ba lallai ya yi daidai da awon kamfani ba. Tsayin gado da katifa a haɗe kuma, in Baba ya zauna a baki tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai.

Yanzu kujera. Na san wadda ke ranka, irin wadda ake naɗewa mai tamfol ko ƙananan katakai, da ake ce wa lezi ciya. Tana da daɗi, iska na ratsa ta, kuma ba ta da tsada. Amma yawancinsu ƙasa-ƙasa ake yin su, mazaunin ya zurma baya. Mutumin da sai ya dafa bango kafin ya tashi daga kujerar roba, in ya shiga wannan ba zai fito shi kaɗai ba. Matsalar kushin ɗinku ke nan, ka sake sayo ta da wani suna.

Ni in aka kawo mini aikin dattijo, sai na auna shi kamar tela. Ya zauna a benci da takalmin da yake sawa kullum, in auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Wannan ne tsayin mazauni, yawanci inci 17 zuwa 19, ga mai ciwon gwiwa nakan ƙara inci ɗaya. Kada gwiwa ta fi ƙugu tsayi in ya zauna. Sannan zurfin mazauni: bayansa ya jingina sosai, a kuma bar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Majingina ta kai har ƙeya, ta ɗan kwanta baya kaɗan, in so samu a yi mata tsani uku ta yadda za a iya miƙar da ita ko a kwantar. Hannayen kujera su ne rabin aikin. Su zama na katako, masu faɗi, su fito har bakin mazauni, domin da su zai tura jikinsa ya miƙe. Wurin ɗora ƙafa a yi shi daban, ɗan benci, kar a haɗa da kujerar ya riƙa harɗe shi.

Katako kuma ka buɗe ido. Katakon da ake kira wawa fari ne, mara nauyi, mai arha, ƙwaro na son sa, za ka fara ganin gari na zuba a ƙasa. Shi ake ɓoyewa a cikin kushin da yawa, a rufe da yadi mai kyau. Ga kujerar da za a riƙa fitarwa ƙofar gida, ka nemi odum ko tik ko mahogani. Odum na jure ruwa da gara sosai, sai dai tsada da nauyi. Ka tambaya ko katakon ya bushe, domin ɗanye in hunturu ya zo sai ya tsage, haɗin ya saki. Haɗin ya zama an fafe an zura an sa gam, ba ƙusa kawai ba. Ka kife kujerar ka duba ƙasanta, a nan aikin kafinta yake bayyana.

Ledar nan mai kama da fata kar ka sa. Zufa da zafinmu na sa ta ɓarewa kamar sāɓar maciji. A yi matasai biyu, na zama da na jingina, da soso mai nauyi inci 4, rigar yadi mai zif da za a cire a wanke. Kuma kar ka biya kowane kafinta kuɗi duka a farko, ko da ni ne. Rabi, sauran sai Baba ya zauna ya tashi da kansa.

Hajiya, Sabon Zango:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Masana sun gama magana, ni abu biyu zan ƙara.

Ledar da ake naɗo sabuwar katifa a ciki, ka cire ta. Mu mata mun fi kowa laifin nan, muna bari wai kada ta yi datti. Zufa ba ta samun wurin fita, zani na zamewa, ga ƙara duk juyin da mutum ya yi. Ka cire, ka jingine ta a inuwa kwana ɗaya warin sabunta ya fita. Duk wata uku a juya kai ya koma ƙafa. Mu da muka tashi a kan katifar rimi da ta auduga, duk shekara sai an farke an shanya an buge an mayar, shi ya sa take shekara ashirin. Ta yanzu ba a farkewa, juyawar nan ita ce kulawarta.

Na biyu, na san irin mahaifinka, don da irinsa na zauna shekara arba'in, Allah ya jiƙansa. Ba zai kwanta a shago mutane na wucewa suna kallo ba. Kuma in ya ji kuɗin zai ce ta ƙasa ta ishe shi. Kar ka ce masa "zo in saya maka". Ka ce kana so ya raka ka ya duba maka, don ya fi ka sanin kaya. Ku je da hantsi ranar aiki, lokacin ba mutane. Ka riga shi zuwa ka gama ciniki da mai shago, ka roƙe shi kada ya ambaci kuɗi a gabansa. Ka tafi da zani mai tsabta ka shimfiɗa. In akwai amininsa da suke zama a ƙofar gida, ku tafi tare, in ɗaya ya kwanta ɗayan ma zai kwanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bayan nan nasa ne, shi zai zaɓa.

Ɗan Aboabo:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne don ina so in ga yadda abin zai kasance tukuna.

Anti ma'aikaciyar jinya, na yi masa tambayoyin. Ya ce ƙafar hagu takan yi masa kamar tafiyar kiyashi in ya daɗe a tsaye, sauran babu. Mun je asibiti, sun duba shi, sun koya masa motsa jiki na safe, za mu koma wata mai zuwa.

Masta kafinta, maganarka ta fito. Katakai biyar ne a gadon, na tsakiya ma ya tsage. An mayar da su goma sha huɗu.

Hajiya, dabararki na bi, na ɗauki Baba da amininsa liman na unguwarmu a pragya, wato keke mai ƙafa uku. Da farko ya ƙi, ya tsaya yana danna katifu da sandarsa. Sai da Malam ya cire hula ya kwanta yana cewa shi ma bayansa na damunsa, sannan Baba ya kwanta a ta kusa. Uku ya gwada. Mai taurin nan da ni na so in saya, bai yi minti biyu ba ya ce kafaɗarsa. Ya zaɓi hai densiti inci 8, ba ita ce mafi tsada ba. Yayana na Suame, ka yi haƙuri, ba taka ya ɗauka ba, amma depo na je kuma rasit na nan a cikin jakar takardun gida. Kwana tara ke nan yana kwana a gado. Daren farko biyu ya ce jikinsa bai saba ba, yanzu ya daina maganar, tabarmar kuma na naɗe a bayan ƙofa.

Kujera ce ba ta zo ba tukuna. Kuɗin da ya rage bai kai na odum ba, don haka mun tsaya a kan mahogani, na ba da rabi. Kafintan ya zo gida ya auna shi, inci 19 ya rubuta. Baba ya sa an ƙara abu ɗaya da babu wanda ya tuna a cikinmu: hannun dama ya fi na hagu faɗi, yadda zai ɗauki rediyo da kofin shayi. An ce ranar Alhamis za a kawo. Masta, tambaya ɗaya ta rage: tunda kullum za a riƙa fitar da ita ana shigarwa, in sa a yi mata ƙananan tayoyi a ƙafafun baya, ko hakan zai sa ta zame in ya dafa zai tashi?